Tarwaɗar Murtala

Da sunan Allah na buɗe, da sallama na shigo muku. Ku yi haƙuri da ni 'yan uwa, wannan ne karo na farko da na rubuta abin da wani zai karanta in ba malamin makaranta ba. Layin farkon nan kaɗai na rubuta na goge har sai da wayata ta ɗau zafi. In kun ga kuskure ku gyara mini a hankali, don ni irin mutanen nan ce da in aka ɗaga musu murya sai su manta sunansu.

Sunana Amatullahi, a gida Amatu, Baba kuma Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa na ci. Ni ce auta. A Funtua muke, can bayan layin dogo, gidan da ke da darbejiya a ƙofa da buhunan masara jibge a zaure duk kaka. Baba, Malam Ummaru, ya yi aiki a kamfanin gurzar auduga har ya yi ritaya, yanzu daga gonarsa sai carbinsa sai maganin hawan jini. Inna tana nan da injin markaɗenta. Sai Gwaggo Mero, yayar Baba, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, katangar ma da ƙofa a jikinta. Ku riƙe sunan Gwaggo da kyau.

Aurena ya kusa. Kada ku fara tausaya mini, ba wanda ya yi mini dole, ni da bakina na ce ina so. Kaina a ƙasa na faɗa, amma dai na faɗa. Damuwata ba miji ba ne. Damuwata kifi ne.

Ee, kifi. Ku gama dariyar sai in ci gaba.

Shekarar da za mu rubuta jarrabawar fita sakandare wani abu ya same ni. Da an miƙo mini takardar tambayoyi sai ƙirjina ya hau bugu, tafin hannuna ya jiƙe, duk abin da na haddace ya gudu ya bar ni. An kai ni asibiti, an yi mini rubutu na sha, an ce in rage karance-karance. Wata rana Inna ta aike ni kemis ɗin Oga Marcellinus, baban ƙawata Ozioma. Ita Ozioma a Funtua aka haife ta, Hausarta ta fi tawa kaifi, in tana faɗa da mai adaidaita sai ka rantse kakanta ne ya sari garin. Na tarar da layi, sai ta ja ni bayan kanta ta ce in zauna in jira. A nan na ga wani akwatin gilashi cike da ruwa, da wasu 'yan kifaye da ba su kai ɗan yatsa ba, jelarsu kamar an yanko bakin mayafi, ja da shuɗi da ruwan lemo. Ba inda za su, ba wanda ke jiransu. Su tafi, su juyo, su ratsa ta cikin ganye, kumfa na tasowa daga ƙasa a hankali.

Ban san na daɗe ba sai da Ozioma ta dafa kafaɗata.

"Ke Amatu, tun ɗazu maganin Innarki ke leda. Ko danginki kika gani a ciki?"

Na ɗora hannu a ƙirjina. Lafiya lau yake bugawa, a natse. Rabon da in ji shi haka har na manta.

"Babana ma don haka ya ajiye su," in ji ta. "In masu sayen magani suka hau masa kai, nan yake zagayowa ya zauna ya huce."

Da zan tafi ta kamfato mini 'yan kaɗan a tsohuwar kwalbar alewa. Daga kwalba suka koma roba, daga roba mai yankan gilashin tagogi na bakin kasuwa ya haɗa mini akwati na kaina. Na wanko yashi da 'yan duwatsu na shimfiɗa, na dasa ganyen ruwa, na sayi ɗan injin da ke hura musu iska. Na koyi cewa ba a wanke musu gida da sabulu, ba a canja musu ruwa gaba ɗaya, ba a kuma cika musu abinci don ana son su. Na ga abin mamaki da idona: su ba ƙwai suke yi ba, haihuwa suke yi, 'ya'yan su fito ba komai a jikinsu sai ido da jela. Akwai Ɗan Gayu mai jan wutsiya kamar babbar riga, akwai Sarkin Tsoro da ke ɓuya bayan dutse (wannan ni ce), akwai Hajiya Babba da kullum cikinta a gaba.

A falon Baba na ajiye akwatin, don nan ne rana ba ta shiga kuma akwai wurin jona wuta. Da farko Baba bai kula shi ba. Sai na lura kujerarsa tana matsowa. Yau ta matso kaɗan, gobe ta ƙara, har ta zo daidai gaban gilashin ta tsaya. In ya dawo sallar la'asar nan yake zama da carbinsa har a kira magariba. Inna ta sa wa abin suna talabijin ɗin Malam. Shi kuwa in ta tsokane shi cewa yake, "Wannan ba ta kawo labarin tashin hankali."

Gwaggo ce dai ba ta taɓa saukowa ba.

"A gidan nan kowace dabba da aikinta," haka take cewa tana nuna gilashin da baki. "Kaza ta yi ƙwai, akuya ta haihu a sayar, mage ma ɓera take kamawa. Waɗannan fa? Ki tattara su duka ki zuba a miya, wallahi ko ƙamshi ba za a ji ba. Ke kina ci da su, su ba a cin su. Wane irin kiwo ne wannan?"

Ni dai murmushi nake yi. Ina da amsa, a cikina take, doguwa mai kyau. Bakina ne ba ya sakinta.

To, sai ga Murtala.

Mutumin Gozaki ne, manomin masara da waken suya, ya yi karatun aikin gona. Ya zo sayen iri wurin Baba, ni na kai musu ruwa, na kusa zuba masa a ƙafa. Dogo ne, baƙi, dariyarsa daga zaure har madafi ana jin ta. In ya zo zance shi ne mai magana, ni daga "ee" sai "a'a" sai "Allah ya kyauta". Amma a waya, hmm, a waya ni ma mutum ce. Ya taɓa ce mini kamar mata biyu yake nema, ta zaure da ta waya, kuma duk yana so.

An yi gaisuwa, an sa rana bayan an gama kaka. Daga nan maganar jere ta taso, wato ranar da matan gidanmu za su je su shirya mini ɗaki. Tun ina firamare Inna ke tara mini kaya: tangaran, kuloli, kwanukan samira, kofunan gilas masu bakin zinare. Duk a kabet za a jera su, kabet ɗin kuma babban bangon falo ne wurinsa, inda duk wadda ta shigo ganin ɗaki za ta fara kai ido. Gwaggo da kanta ta hau mota ta je Gozaki, ta auno bangon da igiya, ta ƙulla ƙulli daidai inda ya ƙare, ta dawo ta kai wa kafinta. Igiyar tana nan a jakarta kamar takardar gida.

Ranar da ta dawo ne na yi ƙarfin hali.

"Gwaggo... akwatin kifin fa, ina za a sa shi?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wane akwatin?"

"Na... na falon Baba."

"La'ilaha illallahu! Amatu, so kike dangin miji su shigo ganin ɗaki su tarar da kududdufi? A ce 'yar Ummaru an kawo ta da ƙwari a kwalba? Ki mayar wa 'yar Ibon nan kayanta tun da wuri. Aure za ki yi, wasa ya ƙare."

Inna ba ta goyi bayanta ba, ba ta kuma goyi nawa ba. Ta ce dai, "Auta, in kin haihu ai za ki samu abin kallo."

Na koma ɗaki na ɗauki waya zan faɗa wa Murtala. Na rubuta: *Akwai wata magana.* Na goge. Ya san ina da kifi, yana gani in na ɗora hotonsu, har yakan turo alamar dariya. Amma bai san su ne suka riƙe ni na rubuta jarrabawa ba. Bai san in zai zo zance sai na zauna gabansu na ɗan lokaci kafin ƙafata ta iya kai ni zaure ba. Ta yaya zan ce wa namiji, manomi, mai lissafin buhu, ina tsoron gidansa in babu kifin da ba a ci? Tsorona kada ya yi dariyar nan tasa. In ya yi, ban san yadda zan ƙara kallonsa ba.

Ana haka Yaya Shafa'atu, babbar yayata da ke aure a Malumfashi, ta kira ta ce in zo a gwada mini ɗinkuna. Na bar wa Baba abincin kifin a ɗan murfi, na nuna masa iyakar abin da zai ɗiba da yatsa biyu. Na kwana biyu a can, muna ta fama da tela a kan wani leshi ruwan hoda da ya matse mini hannu. Ranar da zan dawo ina cikin mota saƙo ya shigo.

*Murtala: Malama Amatu, na bi ta gida ba kya nan. Na bar miki saƙo. Ba zan faɗa ba sai kin gani.*

*Ni: Turare ne?*

*Murtala: Ya fi turare. Abin da kika fi so a duniya ne, bayan ni.*

Har muka shigo Funtua ina murmushi ni kaɗai cikin hijabi, wata tsohuwa a gefena tana ta kallona.

Ina yin sallama Inna ta taso daga bakin inji, hannunta duk ƙullu, fuskarta fal fara'a. Gwaggo na zaune a tabarma tana tsince wake.

"Ga 'yar gatan Murtala nan," in ji Gwaggo. "Yaron nan akwai hankali. Ya ga kina wahala da 'yan tsaki, ya kawo miki kifi na gaske. Je ki gani, har gashin baki gare shi."

Jakata ta faɗi a tsakar gida.

Ruwan da na bari garau ya koma kamar na wankin shinkafa. An tumɓuke ganyen, yashin ya taru gefe guda. A ƙasa, kwance a wata kusurwa, ga wani baƙin abu mai santsi da faffaɗan kai, gashin bakinsa na motsi. Tarwaɗa. Matashiya, ta fi tafin hannuna tsawo, cikinta ya yi tim. Na duba bayan dutse. Na duba saman ruwa. Na zagaya ta ɗaya gefen na sake dubawa. Babu Ɗan Gayu. Babu Sarkin Tsoro. Babu kowa.

"A bokiti ya kawo ta," Inna ke faɗa daga bayana, muryarta ta fara sanyi don ta ga fuskata. "Ni na ce a bar ta a bokitin har ki dawo, Gwaggonki ta ce kyautar suruki ba a barin ta a tsakar gida kamar sadakar almajiri, a sa ta inda ya nufa."

"To da fa?" Gwaggo ta leƙo. "Kifi ai kifi ne, ɗan uwansu ne. Ƙananan suna nan, sun ɓuya ne don kunya."

"Ta cinye su, Gwaggo."

"Wa?"

"Tarwaɗar. Cinye su ta yi."

Ban yi ihu ba, ni ko kuka ma a hankali nake yin sa. Na durƙusa gaban gilashin hawaye na zuba a kan hijabina, ƙirjina ya fara bugun nan da na sani, ga shi abin da nake kallo ya lafa babu shi.

Baba ya shigo daga masallaci. Ya dubi Inna da Gwaggo, suka fita. Ya zauna a kujerarsa. Can ya sunkuya ya jawo wani abu daga ƙarƙashin kujerar: babban kofin silbansa na shan fura, an rufe da faifai.

"Uwata, zo ki gani."

Hajiya Babba ce a ciki, da cikinta, da wasu 'yan ƙanana biyu suna zagaya ta.

"Tun da aka zuba tarwaɗar nan na ga take-takenta," in ji Baba yana kallon gefe. "In cire ta, a ce uban yarinya ya fitar da kyautar suruki da hannunsa. In bar ta, ga abin da take yi. Sai na bi waɗanda zan iya kamawa da kofi. Tsufa ya zo, hannun ba sauri. Ki yafe mini sauran."

'Yan uwa, ku yi tunanin Malam Ummaru, da gemunsa da girmansa, ya naɗe hannun riga yana farautar kifi da kofin fura a ɓoye don kunyar suruki. Ina kuka dariya ta ƙwace mini. Shi ma ya yi.

Na kwashe tarwaɗar na mayar da ita bokitinta, ta watsa mini ruwa har ido. Na gyara akwatin, na jira ruwa ya kwanta, na mayar da Hajiya Babba da 'yan rakiyarta. Sannan na duba waya.

*Murtala: Kin gani? A tafkin abokina na zaɓo miki wadda ta fi kowacce kuzari. Na lura naki tun bara ba sa girma, na ce ko irin ne ba shi da kyau. Wannan kafin biki sai ta cika tukunya.*

Ya ƙara da alamar zuciya har uku. Bawan Allah.

Na rubuta *Na gode*. Na goge. Na rubuta *Ka kashe mini*. Na goge da sauri ina istigfari. Daga ƙarshe na tura: *Ka zo ranar Juma'a, ina da magana. Ta baki.*

*Murtala: Ta baki? Ke? To Allah ya sa lafiya.*

Da Gwaggo ta ga bokitin a bakin zaure ta gane nufina, sai ta tare ni.

"Kada ki kuskura. A garin nan in yarinya ta mayar wa saurayi kayansa, kowa ya san abin da ake nufi. Ko tsinke ne. Ki bari a yanka ta a yi farfesu, ki ce masa ta yi daɗi, magana ta mutu."

Gaskiya ta faɗa, haka al'adar take. Kuma da na bi ta Gwaggo da an zauna lafiya. Sai dai na hango kaina a Gozaki, shekara da shekaru, ina ce wa mutum abu ya yi daɗi alhali ciki na kuka. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan Gwaggo.

Ranar Juma'a bayan la'asar na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, na yafa farin mayafi, na shafa humrar Inna a wuya. Kwalli sau biyu ina sawa yana kaucewa. Na zauna gaban Hajiya Babba har numfashina ya daidaita, sannan na ɗauki bokitin da hannu biyu na nufi zaure.

Yana zaune kan buhun masara, shadda ruwan toka, hula ta zauna daidai, ƙamshinsa ya cika wurin. Yana ganin bokitin dariyarsa ta tsaya a hanya.

"Ina wuni," na ce.

"Lafiya lau. Amatu, mene ne wannan?"

"Kifinka ne. Ba... ba mayar maka da kaya na yi ba. Wallahi ba haka ba ne. Ka tsaya in gama, in ka katse ni ba zan iya ci gaba ba."

Ya rufe bakinsa. Ni kuwa na kafa ido a kan ɗinkin wani buhu na fara. Na faɗa masa jarrabawa, da kemis, da kwalbar alewa. Na ce masa nawa ba ƙin girma suka yi ba, iyakar girmansu ke nan, haka Allah ya yi su, kuma ba don tukunya nake kiwonsu ba. Na ce duk abin da ke gidanmu ana jiran wani abu daga gare shi, har ni, su kaɗai ne ba a jiran komai daga gare su, su ma ba sa jiran in yi magana. Na faɗa masa sunan Ɗan Gayu. Na ce tarwaɗarsa ta cinye su. Na ce Gwaggo ta ce ba za a kai akwatin gidansa ba, ni kuma ina tsoron baƙon gida ba tare da shi ba.

Tunda nake ban taɓa yi wa namiji magana mai tsawon haka ba, ko Baba.

Bai yi dariya ba. Ya dubi bokitin, ya dube ni, ya cire hularsa ya mayar.

"Duka ta cinye?"

"Saura uku."

"Innalillahi." Ya miƙe. "Amatu, bari in je."

Ya ɗauki bokitin ya ɗaure a bayan mashin, ya tafi ko ruwan da na kawo bai sha ba. Ina juyowa na ga Gwaggo a ƙofar katanga, hannu biyu a ka.

Kwanakin da suka biyo baya ba na so in tuna. Ba kira, ba saƙo, in na duba waya sai in ga ya hau intanet ya sauka. Hajiyarsa ta bugo wa Gwaggo tana tambaya ko lafiya aka ga yaro ya dawo da kaya daga Funtua, ya shige ɗaki bai ci tuwo ba. Gwaggo ta yi ta rantse-rantse tana ba da haƙuri, ta kashe waya ta zo ta tsaya a kaina.

"Kin ga abin da kika jawo? Miji kamar Murtala, a kan ƙwari!"

Inna ta daina tsokanar kowa. Tela ya aiko da leshin, ya zauna mini cif, ban ko duba madubi ba. Baba kaɗai ne ke zaune lafiya gaban gilashinsa kamar ba abin da ya faru, har na ɗan ji haushinsa.

Ranar da abin ya warware, da hantsi ne, muna tsakar gida da Inna da Gwaggo ana ɓarzar masara. Wayata ta yi ƙara a cinyata. Bidiyo ne. Na buɗe, na manta ban rage murya ba.

Rabin tsohuwar durom ce a gindin mangwaro, cike da ruwa, an jefa 'yan duwatsu da guntun tulu a ciki. Sai muryar Murtala, a hankali, ba irin ta zaure ba:

"Malama Amatu, kunya ce ta hana ni kira, ban san da wane baki zan fara ba. Ga mai laifin nan. Na kawo ta da niyyar a yanka, washegari da yamma Hajiyata har ta jajjaga kayan miya. Na zauna ina jiran a kawo wuƙa ina kallon ta. Sai ga shi an kira magariba ina nan. Washegari na dawo daga gona raina a ɓace, masu casa sun saɓa mini, na sake zama. Kin ga, in na ƙwanƙwasa durom ɗin tana tasowa." Ya ƙwanƙwasa. Sai ga faffaɗan kan nan ya ɓullo, gashin baki na rawa. "Na hana a taɓa ta. Hajiya ta ce an yi mini asiri a Funtua. Amatu, dama haka kike ji?"

Ɓarza ta tsaya. Inna ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta na rawa.

Kafin in farfaɗo hoto ya shigo. Falon gidan da zan zauna ne, na gane shi da sabon fenti ruwan madara. A jikin babban bangon, daga tsakiya, magini ya ɗaga wani dakali na siminti daidai ƙugu, an shafe shi sumul, an jawo wurin jona wuta kusa da shi.

*Murtala: Nan rana ba ta kaiwa, na zauna na lura. Tsawonsa carbi biyu da ɗan ƙari, faɗinsa carbi ɗaya. In bai yi daidai ba, ba laifina ba ne, laifin mai awon ne.*

Carbi? Na ɗaga kai. Baba na tsaye a ƙofar falonsa, yana jan carbinsa ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan darbejiya kamar yau ya fara ganinta.

"Baba..."

"Yaro ya bugo ya yi tambaya," in ji shi. "Ni kuma ba ni da tef ɗin awo."

Gwaggo ta karɓe wayar daga hannuna. Ta nisanta ta, ta matso da ita, ta juya ta a kwance. Na ga lokacin da ta gane bangon.

"Ummaru! Wannan ai bangon kabet ne! Bangon da na auna!"

"Shi ne, Yaya."

"To tangaran ɗin fa? A kan kifin za a jera su?"

"Gidansa ne, Yaya. Shi ya gina."

Gwaggo ta miƙo mini wayata. Ta shige ta ƙofar katanga, muna jin ta tana buɗe akwati. Ta fito da mayafinta na unguwa, jaka a hammata, bakin igiyar awon nan na leƙowa.

"Gozaki za ni," ta ce. "In ga mai dakali da idona."

Ni dai ina zaune da waya a hannu, ƙirjina shiru, bakina ya ƙi rufuwa. Na rubuta masa: *Ee. Haka nake ji.* Wannan karon ban goge ba.

Baba ya bari sai da ƙarar takalmin Gwaggo ta ɓace a zaure, sannan ya yafito ni da hannu. Muka shiga falo. Ya nuna mini can cikin ganye da kan carbinsa. Hajiya Babba ta sauka. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne ke ta yawo, ba komai a jikinsu sai ido da jela.

"Uwata," ya ce, bai dube ni ba. "In za a kai akwatin, a kai. Amma waɗannan a gidana aka haife su. Ki ce wa mai gilashin nan ya zo ya auna nan wurin."